Requiem ɗin Duruflé: da ogan kaɗai, da ƙaramar okestra, ko da babba?

Duk ƙungiyar mawaƙan da ta ƙudurta rera Requiem ɗin Maurice Duruflé, tun kafin a raba takardu za ta ci karo da tambaya: wanne daga cikin ukun? Wannan Bafaranshe, wanda aka haifa a Louviers a 1902 ya rasu a 1986, mutum ne mai tsananin tace aikinsa, shi ya sa lambobin ayyukan da ya bari suka tsaya a 14 kacal. Amma aiki na 9, wato wannan waƙar addu'a ga mamata da ya sadaukar ga mahaifinsa, da hannunsa ya fitar da shi siga uku: ta babbar okestra a 1947, ta ogan (babban kayan kiɗan coci mai maɓallai da bututu) a 1948, sai ta ƙaramar okestra da ogan a 1961. Kamfanin Durand na Paris ne ya buga su duka. Babu wadda za a ce jabu ce ko kwaskwarimar wani, don haka ba a raba gardamar da cewa "a bi ta asali".

Akasarin mutane da aljihu suke fara auna zaɓin, su ce ta ogan ce mai araha. A nan ake yin kuskuren farko. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ogan ɗin da ke wurin, da wanda zai zauna a kansa, da yadda ɗakin ke mayar da sauti. Kuɗi ya biyo baya.

Abin da ba ya canjawa

Ko wace siga aka ɗauka, aikin mawaƙa kusan ɗaya ne. Kashi 9 ne, da harshen Latin, kimanin minti 40: Introit, Kyrie, Domine Jesu Christe, Sanctus, Pie Jesu, Agnus Dei, Lux aeterna, Libera me, In paradisum. Muryoyi huɗu ne, sofrano da alto da teno da bas, amma suna rarrabuwa a wurare da dama, saboda haka kowace murya tana bukatar aƙalla mutum 4 masu iya riƙe layinsu ko na kusa da su ya kauce. Akwai waƙar mutum ɗaya ta mezo-sofrano (matsakaiciyar muryar mace) a Pie Jesu, da gajerun wurare biyu na bariton (matsakaiciyar muryar namiji) a Domine Jesu Christe da Libera me. Wuraren bariton ɗin maza za su iya haɗa baki su rera su tare, kuma Duruflé da kansa ya yarda da hakan. Wannan kaɗai ya sauke muku kuɗin mawaƙi ɗaya.

Ginshiƙin aikin shi ne tsohuwar rerawar Giregori ta sujadar mamata, wato waƙar cocin Katolika da ake rerawa baki ɗaya. Duruflé ya shiga makarantar mawaƙan babban cocin Rouen yana ɗan shekara 10, a cikin wannan rerawar ya tashi, kuma salon da ya bi shi ne na sufayen gidan ibada na Solesmes da ke Faransa, inda kalma ke jan tafiyar waƙa, ba bugun ganga ba. Don ya zuba wannan a rubutun zamani mai raba kiɗa gida-gida, sai ya riƙa sauya yawan bugun kowane gida, nan uku, nan biyu, can huɗu. Ƙungiyar da ta saba dira ƙarfi a kan bugun farko na kowane gida za ta mayar da Lux aeterna tamkar faretin 'yan makaranta. Wannan matsalar babu okestrar da za ta rufe ta.

Fa'idar wannan ga mai zaɓi ita ce: wahalar da mawaƙa suka sha ba ta ɓacewa idan aka sauya shawara a tsakiya. Na mai kaɗa ogan kuwa tana ɓacewa, domin abin da ogan ke kaɗawa a kowace siga daban ne. Kar a ba shi littafin 1948 ya kwashe wata uku a kai, sannan a ce masa an koma ta 1961.

Ma'aunai

Abu shida ne za a auna: irin ogan ɗin da ake bukata, nauyin da ke kan mai kaɗa shi, yawan mawaƙan da za su iya fitowa a saman kiɗan, kuɗi, ko za a iya maimaita aikin shekara bayan shekara, da kuma inda abin ya fi saurin lalacewa ranar taro. A kan kuɗi a riƙe abu ɗaya: haƙƙin mallakar Duruflé bai ƙare ba. A ƙasashen da ke ƙirga shekara 70 bayan rasuwar mai aiki, kamar Faransa da Birtaniya, sai ƙarshen 2056. Littafin mawaƙa saye ake yi, takardun okestra kuma haya ake ɗauka a mayar, ga kuɗin izinin gabatarwa idan taron na sayar da tikiti ne. Kwafin na'ura ba mafita ba ne.

Sigar ogan, 1948

A takarda ita ce mai sauƙi: mawaƙa, mai ogan, mezo-sofrano, sai mai goge babba na celo a Pie Jesu idan an so. Littafin da mawaƙa ke riƙewa shi ne dai wanda ke ɗauke da kiɗan ogan, ba hayar komai. An saya sau ɗaya, ya zauna a kabad, duk shekara ranar 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da mamata a cocin Katolika, a ciro shi. Ta fuskar ɗorewa babu kamarta, kuma ita ce ta fi shiga cikin sujada ba tare da an kawar da kujeru ba.

Amma araha ba ta ado. Aikin da mutum 60 da wani abu ke yi a babbar siga, an tattara shi an ɗora wa hannu biyu da ƙafa biyu. Duruflé gwanin ogan ne na gaske. Ya yi karatu a hannun gwanayen ogan Tournemire da Vierne, ya riƙe ogan ɗin cocin Saint-Étienne-du-Mont da ke Paris tun 1929, shi ne kuma ya fara kaɗa konshaton ogan (kiɗan ogan tare da okestra) na marubucin kiɗa Poulenc a bainar jama'a a 1939. Da ma'aunin hannunsa ya yi rubutun. Sanctus gudu ne na ƙananan sautuka shida-shida a kowane bugu, kamar ruwa na gangara, kuma dole su fito daidai wa daida a hankali, ba hayaniya. Introit ma haka yake malala tun daga gidan farko. Tsakiyar Domine Jesu Christe, wajen "libera eas de ore leonis", da kuma "dies illa" na Libera me, wurare ne da hannu ke gudu, ƙafa na aiki, ana ƙara muryoyin ogan, ana kuma kallon jagora, duk a lokaci guda. Gwaji mai sauƙi: wanda ya taɓa kaɗa kiɗan ogan na Duruflé mai suna Prélude et fugue sur le nom d'Alain na 1942, ko Sicilienne ta cikin Suite ɗin Duruflé, ya fita lafiya, zai iya. Wanda iyakarsa raka waƙoƙin sujadar Lahadi, ko da ya ƙware a kansu, a ba shi wata shida ko a nemo wani.

Shi ma ogan ɗin ba kowanne ba. Ana son mai hawa uku na maɓallan hannu, da cikakken jerin maɓallan ƙafa. Dole hawa ɗaya ya kasance cikin akwatin da ake buɗewa da rufewa da takalmin ƙafa, kuma akwatin ya rufu da kyau, domin yawancin aikin a hankali yake, kuma daga rufaffen akwatin nan ne sauti ke kumburowa ya koma. Ana son muryoyi masu laushi irin na goge, musamman mai ɗan rawa da Faransawa ke kira voix céleste, da muryar obo, da muryar ƙaho mai tsabta wadda za ta ɗauki rerawar Giregori da dogayen sautuka a saman mawaƙa a Kyrie. Sai na'urar ajiye haɗin muryoyi, wadda taɓa maɓalli ɗaya ke sauya su. Idan babu ita, a sa mutum ɗaya ko biyu su tsaya gefen mai kaɗawa suna ja suna turawa, su ma da nasu atisayen. Da ogan mai hawa biyu za a iya lallaɓawa idan akwatinsa na da kyau, amma launuka da yawa za su zube.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne tazara. A cocin Faransa da yawa ogan na can sama a bayan jama'a, mawaƙa kuma suna gaba. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan tsakaninsu mita 30 ne, muryar mawaƙa na isa kunnen mai ogan a makare da kusan kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, nasa kiɗan ma ya isa gare su a makare da haka. In kowa ya bi kunnensa, kowa na jiran kowa, sai a ga Sanctus na ja da baya har ya zauna. Magani: kyamara a kan jagora, allo a gaban mai ogan, ya bi hannu ya ƙyale kunne. A gwada allon tukuna, don wasu na'urorin zamani su ma suna jinkirta hoto. Abin da ya fi duka shi ne a hau da mawaƙan kusa da ogan idan wurin zai ɗauke su.

Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Sautin ogan ba ya numfashi, ba ya ɗan gyara kansa don ya tarbi mawaƙa. Bayan wuraren da ake rerawa ba kiɗa a Lux aeterna, in mawaƙa sun ɗan zame ƙasa, shigowar ogan ce ke tona musu asiri a gaban kowa.

Babbar okestra, 1947

Ita ce aka fara ji, ranar 2 ga Nuwamba 1947, ta rediyon Faransa, Roger Désormière na jagora. Kayan da take ci: sarewa 3, obo 2 da babban ɗan'uwansu mai zurfin murya, kilarinet 2 da na bas, basun 2, ƙahon hon 4, tiramfet 3, torombon 3, tuba, tamburan timfani, babbar ganga, faya-fayan tagulla, tam-tam, selesta, garayar haf, ogan, sai dangin goge. Masu busa kaɗai 22 ne. Idan aka haɗa da masu bugu da sauran, aka sa masu goge kamar 40 don su yi daidai da su, an doshi mutum 70. Kowannensu da kuɗin atisaye da na taro, ga hayar takardu, ga hayar zaure, ga jigilar haf da selesta.

Abin da ake samu a madadin wannan kuɗin ba ƙarami ba ne. Duruflé ɗalibin marubucin kiɗa Paul Dukas ne, ya san sirrin haɗa launukan okestra. Hosanna na Sanctus a nan ne yake fashewa da gaske, kuma "dies illa" na girgiza ƙirji ta yadda sauran sigogin ba sa kaiwa. Ogan a nan baƙo ne mai leƙowa jefi-jefi, don haka nauyin mai kaɗa shi ya ragu ƙwarai, kuma ogan na lantarki mai kyau zai wadatar a zauren da ba shi da na bututu.

Haɗarinta rinjaye ne. Mawaƙa 40 a bayan wannan runduna bakinsu kawai za a gani yana motsi. A nemi 80 zuwa sama. A cocin da amo ke daɗewa yana yawo, masu busa ƙaho 11 za su cakuɗa komai ya zama kunu; wurinta zauren kiɗa ne. Atisaye da okestra kuma yawanci sau ɗaya ne ko biyu saboda tsada, alhali sauye-sauyen bugu na bukatar jagoran da hannunsa ba ya ruɗa mutane. Ta fuskar ɗorewa, ga yawancin ƙungiyoyi abu ne na sau ɗaya a shekaru masu yawa.

Ƙaramar okestra, 1961

Wannan ita ce ta tsakiya, kuma a ganina ita ce mafi dacewa da yawancin masu tambayar. Dangin goge, ogan, sai tiramfet 3 da timfani da haf, waɗanda za a iya ragewa in hali bai yi ba. Da masu goge 14 zuwa 22 an tashi. Misalin rabo mai aiki ga mawaƙa 40: biyolin na ɗaya 4, na biyu 4, biyola 3, celo 3, babban bas 1 ko 2. Kar a yi rowar biyola da celo. Zuciyar wannan kiɗan a tsakiya da ƙasa take, ba a ƙololuwar biyolin ba, kuma Pie Jesu ba ya tsayuwa sai da mai celo mai daɗin hannu.

Idan kuɗi ya tilasta ragi, ga jerin da ya fi hankali: a riƙe haf, domin ita ke ba In paradisum haskensa, a riƙe tiramfet ko da ba duka ba, saboda Kyrie da Hosanna, timfani ne farkon wanda za a haƙura da shi.

Abin da ta fi sigar ogan da shi shi ne gogen na numfashi tare da mawaƙa, yana kumbura yana lafawa a cikin sauti ɗaya, kuma yana tsaye kusa da su, a gaban jagora. Matsalar tazara ta ragu, domin masu goge ne ke riƙe da tafiyar a wurare da dama. Ogan mai hawa biyu ya isa. Sai dai kar a ɗauka mai ogan ya huta: duk aikin sarewa da obo da kilarinet shi ya gāda, don haka har yanzu sai ƙwararre, ko da bai kai wanda sigar 1948 ke nema ba.

Haɗarin da ya keɓanta da ita shi ne saiti. Ba a sake saita ogan na bututu don taro ɗaya. Okestra ce ke bin sa. Yawancin bututun kuma sautinsu na hawa idan ɗaki ya yi zafi, kimanin kashi 3 cikin 100 na rabin taki a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyos, yayin da masu harshen ƙarfe, irin muryar obo da ta ƙaho, ba sa motsawa haka. Cocin da aka yi atisaye cikinsa da sanyin rana ta hunturu, aka kunna na'urar ɗumama da yamma, jama'a suka cika shi, ogan ɗinsa ba zai tsaya inda aka bar shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: a auna sautin "la" na ogan da na'ura mako ɗaya kafin taro, a yanayin zafin da za a yi taron, a gaya wa makaɗa ko girgiza 440 ce a daƙiƙa, ko 442, ko ƙasa da haka. Mai haf ta fi kowa bukatar sani, don igiya 47 za ta ɗaure ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin ogan da ke nesa da saitin zamani sukan hana wannan sigar gaba ɗaya.

| Ma'auni | Ogan, 1948 | Ƙarama, 1961 | Babba, 1947 |
|---|---|---|---|
| Makaɗan da za a biya | 1 ko 2 | kimanin 15 zuwa 28 | kusan 70 |
| Takardu | saye kawai | saye da haya | saye da haya mai tsada |
| Ogan | hawa 3, akwati mai kyau | hawa 2 ya isa | matsakaici ya isa |
| Nauyin mai ogan | mai tsanani | babba | kaɗan |
| Mawaƙan da suka dace | 16 zuwa 40 | 30 zuwa 60 | 80 zuwa sama |
| Wuri | coci | coci ko ƙaramin zaure | zauren kiɗa |
| Maimaitawa | duk shekara | lokaci-lokaci | da wuya |
| Babban haɗari | tazara, gazawar mutum ɗaya | saiti | rinjayar mawaƙa |

A saurara kafin a sa hannu

Kunne ya fi jadawali yanke hukunci. Don babbar siga akwai faifan da Duruflé ya jagoranta da kansa da okestrar Lamoureux a kamfanin Erato, matarsa Marie-Madeleine na kan ogan. Akwai kuma na Robert Shaw da mawaƙan Atlanta, inda ya ba rukunin muryoyi wuraren mutum ɗaya, wanda zai nuna muku yadda wannan dabarar ke fita. Don ƙaramar siga, na Matthew Best da Corydon Singers a kamfanin Hyperion. Don ta ogan, na King's College da ke Kambirij ƙarƙashin Philip Ledger tare da Janet Baker, ko na Houston Chamber Choir da Ken Cowan a ogan, wanda ya ci kyautar Grammy a 2020. A saurari Kyrie da Sanctus a jere a duka ukun. A lura da ƙarshen In paradisum, inda aikin ke tsayawa a kan haɗin sautin da bai sauka gida ba, yana rataye: ogan na iya riƙe shi ba ya karkarwa, goge kuma na iya narkar da shi har ya ɓace. Wanda ya fi taɓa ku a cikin biyun ya riga ya faɗa muku rabin amsar.

Wa ya dace da wacce

Cocin da ke da ogan mai hawa uku da gwanin da ke zaune a kansa, kuma ana son aikin ya shiga sujada ya zama na kowace shekara: sigar 1948, a ƙara mai celo.

Ƙungiyar mawaƙa 30 zuwa 60 da ke da matsakaicin ogan, ko ogan mai nisa da inda za su tsaya, ko mai kaɗawa nagari wanda bai kai gwani ba: sigar 1961. Kuɗin masu goge 14 ya fi sauƙin haɗiya a kan a ga aikin wata huɗu ya rushe a hannun mutum ɗaya.

Babbar ƙungiya mai haɗin gwiwa da okestra, da zaure, da mai ɗaukar nauyi: sigar 1947, kuma a cika yawan masu goge, kar a rage su don a biya masu ƙaho.

Wurin da ogan na lantarki ne: idan mai hawa biyu ko uku ne da maɓallan ƙafa da lasifikoki masu ɗaukar zurfin sauti, sigar 1961 ta fi rufa masa asiri, kuma saitinsa na juyawa yadda ake so. A tanadi wuta wadda ba za ta ɗauke a tsakiyar Pie Jesu ba.

Inda kuwa kibod mai hawa ɗaya ne kawai, kamar yadda yake a coci-coci da yawa na Jos da Kaduna, babu sigar da za ta zauna a kansa, gara a bar Requiem tukuna. Duruflé na da abin da ba ya bukatar kiɗa ko kaɗan: gajerun waƙoƙi huɗu na 1960 a kan rerawar Giregori, Ubi caritas, Tota pulchra es ta mata zalla, Tu es Petrus da Tantum ergo, dukansu ba su kai minti 10 ba. A fara da Ubi caritas, wadda alto ke ja, a koyi barin kalma ta ja bugu. Ƙungiyar da mazanta suka fi ƙarfi kuma tana da ogan na kirki ta duba Messe Cum jubilo ta 1966, wadda aka rubuta wa muryoyin bariton suna rerawa baki ɗaya. Ita ma siga uku gare ta, kuma tambayoyin nan na ogan da ɗaki su ne za a sake yi mata.